Abin da ke Bayan Ado

'Ya'yana masu koyon walda, ku ba ni aron kunnuwanku a kan aikin nan da ake yayi, na lulluɓe fuskar gini da fallayen ƙarfe masu zane. Yau kwamfuta ke fitar da zanen, injin leza ya yanka dagi ko tauraro cikin 'yan mintoci, abin da dā maƙeri kan yi kwanaki yana bugawa. Ina farin ciki da hakan. Sai dai na lura hankalinku ya fi karkata ga abin da ido ke gani, alhali amanar aikin tana bayan fallen, inda mai gida ba ya leƙawa.

Ƙarfe yakan miƙe idan ya sha rana, ya tsuke idan sanyi ya sauka. Alminiyam ya kusa ninka baƙin ƙarfe a wannan hali: falle mai tsawon mita 3, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 50, zai ƙara tsawo fiye da milimita 3. Kada ku raina wannan ɗan abu, musamman a garuruwa irin Kano da Sakkwato, inda ƙarfen da ya gasu a bazara shi ne zai kwana cikin sanyin hunturu. Ku huda ramin noti da ɗan tsawo, ku bar rata tsakanin falle da falle. In kuka ɗaure shi tamau ta kowace kusurwa, zai lanƙwashe ko ya tsinke noti, kuma mutane ne ke wucewa a ƙarƙashinsa.

Kada alminiyam ya kwanta kai tsaye a kan baƙin ƙarfe, domin da ruwan damina ya shiga tsakani sai ɗaya ya fara cin ɗaya. Ku sa roba ta raba su. Wurin da kuka yi walda kuwa, ku goge, ku shafa jan fentin hana tsatsa har bayan da ba a gani.

Ku kuma tuna da maƙwabci. A Los Angeles ta Amurka, zauren kiɗa na Walt Disney da Frank Gehry ya tsara, wanda aka buɗe a 2003, yana da wani sashe mai sheƙi kamar madubi. Ya riƙa mayar da rana cikin gidajen da ke kusa har zafi ya dami mutane, sai da aka bi fallayen aka dusashe sheƙinsu a 2005. Ranarmu ai ta fi tasu zafi.

Wanda nake so ku nemi hotonsa ku duba da kyau shi ne gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka da ke Washington, na 2016, wanda David Adjaye ya jagoranci tsara shi. Fallaye 3,600 na alminiyam mai launin tagulla suka lulluɓe shi, zanensu kuma an ɗauko shi ne daga aikin maƙeran baƙar fata na Charleston da New Orleans, waɗanda da yawansu bayi ne. An ƙara ko rage faɗin hudojin gwargwadon hasken da ake so ya shiga. Mu ma muna da zayyanar bangon Zariya da Kano da za mu ɗebo. Kafin ku yanka, ku je wurin ginin da safe da kuma la'asar, ku ga ta inda rana ke bugunsa.