Ba Kowane Ƙarancin Fararen Ƙwayoyin Jini ne Ciwo Ba

Manomin da lauje ya yanka a gonar shinkafa a Tudun Wada, da masuncin da ƙayar kifi ta soka a bakin dam ɗin Tiga, duk sun san abin da ke biyo baya: wurin ya ɗauki zafi, ya kumbura, ya yi ta zogi, bayan kwana biyu mugunya ta taru. Da yawa suna zaton wannan shi ne ciwon, alhali garkuwar jiki ce ta fito aiki, kuma masu yi mata jagora wasu ƙananan sinadarai ne da ake kira kemokin. Sana'ata gwajin jini ce a wannan yanki namu na Kano ta Kudu, kuma akwai wani bayani a kansu da ya shafi jinin kusan kowannenmu.

Yadda kemokin ke aiki

Da zarar ƙwayar cuta ta shiga nama, ƙwayoyin halittar wurin sai su saki kemokin. Sinadarin ya fi kauri a daidai bakin raunin, yana raguwa da nisa. Fararen ƙwayoyin jini da ke wucewa a jijiya suna jin sa, sai su rage gudu, su manne a bango, su kurɗa su fita, su bi shi kamar yadda baƙo a tasha ke bin ƙamshi har ya isa gaban mai tsire. Jikin ɗan'adam yana da kemokin kusan iri 50, da makarɓa kusan 20 da ke amsa kiransu. Ɗaya daga cikin na farko da aka gano shi ne IL-8, a shekarar 1987, kuma aikinsa kiran nutirofil, wato fararen ƙwayoyin da ke riga kowa isa wurin rauni. Mugunyar da ke fita daga maruru, yawancinta gawarwakinsu ne.

Idan kiran ya ƙi tsayawa bayan an gama yaƙi, kumburin kansa ya zama cuta, kamar yadda ake gani a wasu nau'o'in amosanin gaɓɓai da asma. Wasu cututtukan kuma da makarɓan suke yin ƙofa. A 1996 aka gano cewa ƙwayar HIV tana shiga fararen ƙwayoyi ta makarɓin CCR5.

Abin da ya bambanta jininmu

A jikin jajayen ƙwayoyin jinin yawancin Turawa da mutanen Asiya akwai wani makarɓi mai suna Duffy, wanda aka gano a 1950. Sai a 1993 aka fahimci cewa kemokin yake kamawa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen Afirka ta Yamma ba mu da shi a jajayen ƙwayoyinmu. Gado ne daga iyaye da kakanni, kuma yana da amfani: a 1976 Louis Miller da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa ƙwayar maleriya nau'in Plasmodium vivax ta wannan ƙofa take shiga jajayen ƙwayoyin jini. Shi ya sa ba ta da yawa a ƙasarmu.

Wannan gado yana da wata alama ta biyu. Masu shi sukan nuna nutirofil kaɗan a gwajin ƙidayar jini, ba tare da cututtuka sun fi kama su ba. Wani bincike da aka yi a kan ɓeraye a 2017 ya nuna cewa ƙwayoyin suna saurin barin jijiya ne su shiga nama da saifa. Suna nan, kuma suna aikinsu. Matsalar ita ce ma'aunin da ake bugawa a yawancin takardun sakamako daga jinin Turawa aka samo shi, inda iyakar ƙasa ke kamawa daga 1,500 zuwa 2,000 a kowace maikurolita. Bahaushe mai ƙoshin lafiya yana iya nuna 1,300, na'ura ta sa masa alamar ƙaranci.

Wani dattijo daga wajen Doguwa ya taɓa zuwa wurina da takardar ɗansa, wanda aka nemi shaidar lafiyarsa kafin shiga makaranta. Takardar duk ta yamutse saboda riƙo. Ya ce, "Ɗana, an ce sojojin jikin yaron sun ƙare." Har ya riga ya sayar da buhun masara ya sayi kwalaben maganin ƙarin jini. Na ce, "Baba, yana zazzaɓi? Yana yawan maruru ko gyambon baki?" Ya ce yaron shi ke tashin gari da noma. Na shafa jinin a gilashi, na rina, na duba a madubi: nutirofil ɗin lafiyayyu ne, cibiyar kowace ta rabu uku ko huɗu kamar yadda ya kamata, sauran ƙwayoyin ma daidai. Likita ya duba yaron, aka maimaita gwajin bayan 'yan makonni, lambar tana nan inda take, aka sallame shi da takardar lafiya.

Rashin sanin wannan yana jawo asarar da ta fi ta buhun masara. Akan jinkirta wa mai ciwon daji maganinsa, ko a hana mai taɓin hankali maganin clozapine, ko a huda ƙashi a ɗebi ɓargo, duk saboda lambar da ita ce daidai ga mai ita.

Abin da nake roƙon jama'a

Na farko, kada wanda ya fassara wa kansa takardar gwaji, kuma mai kemis ba shi ne zai fassara ta ba. A kai wa likita, shi zai haɗa lambar da halin da mutum yake ciki. Maganin ƙarin jini ba ya ƙara nutirofil.

Na biyu, kada wannan bayani ya sa a yi sakaci. Idan ƙarancin ya zo da zazzaɓi, ko gyambon baki, ko rama, ko lambar ta faɗi ƙasa da 500, a garzaya asibiti a ranar. Wasu magunguna, irin su chloramphenicol da ake sha barkatai da sunan taifot, suna iya lalata ɓargo da gaske.

Na uku, a guji haɗin maganin ciwon jiki da ake cusa dexamethasone a ciki. Yana danne kiran kemokin, zogi ya lafa, ƙwayar cuta kuwa ta samu fili.

Na huɗu, rashin Duffy ba ya kare mu daga maleriya nau'in falciparum, wadda ita ce ke kwantar da yaranmu a Bebeji da Kiru duk damina. Gidan sauro da maganin rigakafin da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 suna nan a matsayinsu.

Ga abokan aikina na ɗakunan gwaji kuma, idan muka ga irin wannan lamba a jikin mai lafiya, mu duba jinin a madubi, mu rubuta wa likita abin da muka gani, mu kuma matsa a samar da ma'aunin da aka ɗauko daga jinin mutanenmu. Allah ya ƙara mana lafiya.