Baba, Ko a Shekara 60 Barin Taba Riba Ce

Daga Maiwurno zuwa ƙauyukanmu na Jazira, dattijo yakan ce bayan shekaru 40 yana zuƙa, bari ba zai ƙara masa komai ba. Baba, zai ƙara. Binciken likitocin Ingila na 2004 ya nuna wanda ya bari a shekara 60 yakan samu ƙarin kusan shekaru 3, a 50 kuwa kusan 6. A Ostareliya, binciken 2021 ya gano taba ce sanadin rabin mace-macen 'yan asalin ƙasar masu shekaru 45 zuwa sama.

Kada kuma a bar sigari a koma tumbak. Garin taban nan da ake kwaɓawa da kanwa a cusa bayan leɓe cike yake da gubar da ke jawo kansar baki. Ciwon baki ko farin tabo da ya wuce mako biyu bai warke ba, a kai shi gaban likita a Wad Madani ko Sinnar.

Ku sa ranar bari, ku faɗa wa iyali. Idan sha'awar ta taso bayan shayin safe, a ɗauki asuwaki. Cikin 'yan mintuna takan lafa.