Baki Biyar, Takarda Ɗaya

A kowane gari akwai mutumin da ya san kan ciniki, har mutane su riƙa zuwa wurinsa neman shawara. A Illo ma akwai su. Wani ya san sirrin ajiye albasa, wata ta ƙware da cinikin busasshen kifi, wani kuwa lissafin kuɗin sefa ba ya shige masa duhu. Amma muryar kowannensu iyakarta rumfarsa. Mutanen Lolo ba su jin ta, balle na Kaoje ko Bagudo.

To, ina dabara? Mutanen da sun riga mu gano ta. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, suna ƙetare Kwara ta wajen Illo, ba su tafiya ɗaiɗai. Ayari suke yi. Madugu ke shugabanci, jagaba ke gaba don ya san hanya, uban dawaki ke tara kuɗin fito. Kowa da kayansa da ribarsa, amma hanya ɗaya.

Haka rubutu yake. A cikin 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam ke editanta. A shekarun 1950 kuma Hukumar Norla ta fitar da ƙananan jaridu na larduna: Zaruma ta Sakkwato, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano. Lokacin nan Illo tana cikin Lardin Sakkwato, don sai 1991 aka yanke Jihar Kebbi. Ba mutum ɗaya ke cika irin waɗannan jaridu ba. Wanda ya saya don labarin garinsu, sai ya karanta na noma da ke kusa da shi, ko da bai yi niyya ba.

Ku ɗauki alli mu yi lissafi. A ce mutum biyar ne masu ba da shawara, kowane yana da mutum 20 da ke sauraronsa. In kowa ya rubuta tasa takarda dabam, mutum 20 ne za su gani. In sun haɗa a takarda ɗaya, kowa ya kai wa mutanensa, 20 sau 5 ya zama 100. A ce kuma kuɗin bugawa naira 5,000 ne. Mutum ɗaya zai ji nauyinsa. In an raba biyar, naira 1,000 ke nan a kan kowa.

A ƙasarmu abin ya fi haka amfani, don muna da Busawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa. Bafilatani mai cinikin shanu in ya shiga, ya jawo mutanen ruga waɗanda mai kifi ba za ta taɓa kai wa ba. Wanda ya iya karatu sai ya karanta wa sauran, ya juya musu da harshensu.

Me za a rubuta? Abin da zai hana mutum hasara. Ga misali. Wanda ya fara cin kasuwar Malanbil, a ƙasar Binin, ko ta Gaya a Nijar, zai ji ana ƙirga kuɗi da dala. Dala ɗaya sefa 5 ce. In an ce masa dala ɗari, sefa 500 ake nufi, ba 100 ba. Layi biyu ne kurum, amma sun isa su hana baƙo rigima da kunya a tsakiyar kasuwa. Ga wani kuma. A watan Agusta na 1919 ba mu nan, amma a Agusta na 2019 muna nan, sa'ad da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. A irin wannan rana, wanda ya ji labarin gaskiya da wuri shi ke tsira da jarinsa.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, in na koya wa mutane abin da na sani, ai sai su ƙwace mini masu saye." Maganarsa ba banza ba ce. Ba a ce ka faɗi wurin da kake saro kaya da araha ba, wannan naka ne, riƙe abinka. Amma yadda ake rubuta bashi a littafi, da suna da rana da adadi, in ka koya wa mutum ɗari bai rage ka da ko kwabo ba. Sai ma su san sunanka, ranar da suke neman wanda za su amince wa, kai za su nemo.

Wurin da haɗin kan lalace shi ne talla. Da wani ya mai da filinsa wurin yabon kayansa, sai mutane su ce ashe takardar 'yan neman kuɗi ce, su daina duba har na sauran. Ƙarya ta fi wannan muni. Mutum ɗaya in ya faɗi farashin da ba shi ne ba, wani ya ɗauki buhunan shinkafarsa ya biya kuɗin jirgi a banza, sunan duka biyar ɗin ne ya ɓaci. Saboda haka sai a naɗa madugu tun farko, mutum mai gaskiya wanda ba ya jin kunyar ce wa abokinsa, "Alhaji, wannan ba za ta shiga ba." Kowa kuma ya sa sunansa a ƙarƙashin maganarsa, a san mai ita.

Aikin mako: kowa ya rubuto layi uku kan abu ɗaya da ya sani a sana'arsa. Ranar darasi mai zuwa za mu haɗa su a takarda ɗaya, mu liƙa a bakin kasuwa.