Amsar Tambaya: Sauya Injin Mazda RX-8 a Kwatano

Injin Mazda RX-8, motar da aka ƙera daga 2003 zuwa 2012, ba shi da fistan. Rota biyu masu kusurwa uku ne ke juyawa a cikinsa. Idan ƙarafan bakin kusurwoyin suka cinye, matsi yakan ragu, motar ta ƙi tashi idan injin ya yi zafi.

Mai irinta a Zangon Kwatano zai iya neman injin gwanjo, amma kada ya biya kafin a auna matsin kowace rota, domin tsohon inji yakan zo da wannan ciwon. Zai kuma iya sa mata injin fistan, wanda ya fi sauƙin samun makanike da kayan gyara, sai dai yana buƙatar sauya giya, wayoyi da kwamfutar mota. Ga mai hawa kullum, injin fistan ya fi kwanciyar hankali.