Mu San Kogin Kaduna

A wannan makon mun kawo muku darasi a kan kogin da ya ba garinmu suna. Da yawanmu mun sha tsallaka shi a mota, amma in aka tambaye mu daga ina ya taso, ina kuma ya nufa, sai mu yi shiru.

Daga ina zuwa ina?

Kogin Kaduna ya taso ne daga tsaunukan Jos a Jihar Filato, kusa da garin Vom. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 550. Yana fara gangarowa ta arewa maso yamma, sannan ya karkata ya ratsa garinmu, ya nufi kudu maso yamma cikin Jihar Neja. A hanya wasu koguna suna ƙara masa ruwa, kamar Galma da ya biyo ta Zariya, da kuma Mariga. A ƙarshe yana faɗawa cikin Kogin Kwara a Muregi, ƙasar Nufawa.

A kan wannan kogi aka gina madatsar ruwa ta Shiroro, wadda ta fara aiki a 1990, mai ƙarfin megawat 600, da ta Zungeru mai megawat 700. Ke nan ruwan da ya wuce ta bayan Unguwar Rimi yau, gobe yana iya zama wutar lantarki.

Yadda kogi ya kafa gari

An ce sunan ya samo asali ne daga kadojin da suka cika kogin a da. Gbagyi kuwa, waɗanda suke zaune a nan tun kafin zuwan Turawa, wasunsu suna cewa daga harshensu sunan ya fito.

Daga 1902 hedikwatar Turawan mulkin mallaka ta Arewa tana Zungeru ne, ita ma a bakin Kogin Kaduna. Gwamna Lugga ya zaɓi wurin da muke yanzu saboda akwai ruwa, ga fili, ga hanyar jirgin ƙasa mai zuwa Kano. A 1917 aka dawo da hedikwatar nan. Har ƙaramar gadar ƙarfe da aka gina a Zungeru a 1904 an kwance ta an kawo ta Kaduna, tana nan a wurin shaƙatawa na Gamji. Daga baya, a wannan gari Sardauna Ahmadu Bello ya yi mulki a matsayin Firimiyan Arewa har zuwa 1966.

Aikin soja da na jirgin ƙasa da na gwamnati sun tara mutane daga ko'ina. Sunayen unguwanni ma shaida ne, kamar Tudun Nufawa. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, a kudancin kogi, mutane suka riƙa tsallaka gada kullum don neman abinci.

Arewa da kudu

A gefenmu akwai Kawo, Malali, Unguwar Rimi, Kabala, Tudun Wada da Rigasa. A tsallake akwai Kakuri, Barnawa, Narayi da Sabon Tasha. Iyayenmu suna faɗa mana cewa a da Musulmi da Kirista suna zama gida ɗaya a unguwanni da yawa. Bayan rikicin 2000 da na 2002, mutane suka yi ta ƙaura, har kogin ya zama kamar iyaka. Mu an haife mu ne bayan haka, shi ya sa wasunmu ba su da aboki ko ɗaya a tsallake.

Amma kogin bai san wannan rabuwa ba. Daga cikinsa ake ɗibar ruwan famfo a Malali. Idan ya cika ya batse a watan Agusta ko Satumba, kamar ambaliyar 2003 da ta 2012, gidajen da ke gaɓa ne suke shan wahala, a kowane gefe suke. Ledar da muka jefa a kwata a nan, can za ta je ta samu masu kamun kifi da manoman rani na gaba da mu. Don haka muna roƙon malamanmu su shirya mana ziyara zuwa wata makaranta a tsallake, mu ma su zo mana.

Tambayar mako

Tudun Wada tana arewacin kogi. To a wace ƙaramar hukuma take? Ku rubuta amsa ku miƙa wa 'yan ƙungiyarmu kafin ranar Juma'a.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare