Kujerar da ke Ceton Matuƙin Jirgin Yaƙi Cikin Daƙiƙa Uku

A filinmu na kimiyya da fasaha na wannan makon mun ɗauko tambayar da da yawa daga cikinmu kan yi: idan jirgin yaƙi ya lalace a sararin sama, yaya matuƙinsa yake fita da rai?

Ranar 18 ga Yuli, 2021, wani jirgin yaƙi ƙirar Alpha Jet na Rundunar Sojin Saman Najeriya yana dawowa daga aiki a kan iyakar Zamfara da Kaduna, sai 'yan bindiga suka buɗe masa wuta. Jirgin ya faɗi a Jihar Zamfara, amma matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya tsira. Ya sauko da laima, ya ɓuya har rana ta faɗi, sannan ya yi tafiyar dare da taimakon wayarsa har ya isa wurin sojojin ƙasa. Abin da ya fitar da shi daga jirgin, da ikon Allah, ita ce kujerar da yake zaune a kai.

Me ya sa ba ya buɗe ƙofa ya yi tsalle?

Duk wanda ya taɓa miƙa hannu ta tagar mota a hanyar Haɗeja zuwa Kano ya san yadda iska take tura hannun baya. A ce motar tana gudun kilomita 100 a awa. Jirgin yaƙi kuwa yana iya yin kilomita 800 a awa, wato ninki 8. Sai dai ƙarfin iskar ba sau 8 yake ƙaruwa ba, sau 8 sau 8 ne, wato 64. A irin wannan gudu matuƙi ba zai iya ɗaga jikinsa ya fita ba. Ko da ya fita, iskar za ta maka shi a jikin wutsiyar jirgin. Shi ya sa masu ƙera jirage suka ga dole a harba shi sama da ƙarfi, shi da kujerarsa, ya wuce wutsiyar kafin ta iso shi.

Ɗan tarihi

Mutum na farko da ya tsira ta wannan hanya Bajamushe ne, Helmut Schenk, a watan Janairun 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Matsattsiyar iska ce ta cilla kujerarsa. A Ingila kuma akwai abokai biyu, James Martin da Valentine Baker, masu kamfanin Martin-Baker. Baker ya mutu a 1942 yana gwajin wani sabon jirgi, kuma rashinsa ya sa Martin ya duƙufa kan neman hanyar ceton matuƙa. Ranar 24 ga Yuli, 1946, wani ma'aikacin kamfanin, Bernard Lynch, ya yarda aka harba shi daga jirgi yana cikin tafiya, ya kuma sauka lafiya. Zuwa yau kujerun wannan kamfani kaɗai sun ceci mutum sama da 7,000.

Yadda take aiki

A yawancin kujerun zamani akwai mariƙi mai ratsin rawaya da baƙi tsakanin cinyoyin matuƙi. Da ya ja shi, sauran aikin na kujera ne:

1. Maɗaurai suna fizgo kafaɗunsa su manna bayansa da kujera, wasu igiyoyi kuma su janye ƙafafunsa, don kada iska ta karya su.
2. Murfin gilashin da ke bisa kansa yana tashi. A wasu jiragen wata siririyar igiyar nakiya ce ke tarwatsa shi, a wasu kuma ƙahonnin da ke saman kujerar ne ke fasa shi.
3. Wani bututu mai aiki kamar bindiga yana harba kujerar, ta bi dogon ƙarfe ta fice.
4. Roka da ke ƙarƙashin kujerar tana kamawa na ƙasa da rabin daƙiƙa. A nan muke ganin doka ta uku ta Newton da muke karantawa a Fiziks: roka ta tura hayaƙi ƙasa, hayaƙi ya tura kujera sama.
5. Ƙaramar laima tana buɗewa don ta hana kujerar wulwulawa, ta kuma rage mata gudu.
6. Babbar laima ta buɗe, maɗaurai su saki, kujera ta faɗi ita kaɗai, matuƙi ya sauko a hankali.

Idan jirgin yana kusa da ƙasa, duk wannan bai wuce daƙiƙa 2 zuwa 3 ba. Idan kuwa yana can ƙololuwa, inda sanyi ya tsananta kuma iskar shaƙa ta yi ƙaranci, akwai na'ura mai auna nauyin iska da ke hana babbar laima buɗewa sai an sauko wajen mita 3,000 zuwa 5,000. Kafin nan matuƙi yana shaƙar oksijin daga ƙaramar tukunyar da ke jikin kujera. A yawancin jirage masu mutum biyu na baya ne ke fara fita, don kada wutar rokar na gaba ta ƙone shi. Kujerun yanzu suna iya ceton mutum ko da jirgin yana tsaye cak a ƙasa.

Nauyin da jiki yake ɗauka

Kada mu ɗauka abin wasa ne. A lokacin harbawa jikin matuƙi yana jin nauyinsa ya ninku sau 12 zuwa 14. Mai kilo 70 zai ji kamar ya kai kilo 840 ko fiye, wato kusan buhu 17 na shinkafa mai kilo 50, a ɗan ƙiftawar ido. Saboda haka wasu kan fito da ciwon wuya ko tsagewar ƙashin baya, kuma ana koya musu su miƙe baya su jingina kai kafin su ja mariƙin. Wani lokaci ma kujerar ta yi aikinta, amma kwana ya ƙare. Ranar 28 ga Satumba, 2018, jirage biyu ƙirar F-7 sun yi haɗari a Abuja suna atisayen bikin 'yancin kai. Matuƙa uku suka fita da kujerunsu, biyu suka rayu, ɗaya kuma, Bello Baba-Ari, ya rasu. Allah ya jiƙansa.

Ina ruwanmu mu mutanen Haɗeja?

Ba harsashi kaɗai ke kayar da jirgi ba, har da tsuntsu. A 1989, a bikin baje kolin jirage na birnin Paris a Faransa, tsuntsu ya faɗa injin jirgin MiG-29 da Anatoly Kvochur na Tarayyar Sobiyat yake tuƙawa. Ya karkatar da jirgin daga taron jama'a, ya fita saura daƙiƙa biyu da 'yan kai ya daki ƙasa, kuma ya rayu. Mu kuwa muna zaune a bakin dausayin Haɗeja da Nguru, inda dubban tsuntsaye daga Turai da Asiya suke sauka lokacin hunturu, musamman a Baturiya da Dagona, ga kuma garken jan-baki da ke addabar manoman shinkafa da gero. Duk matuƙin da zai yi ƙasa-ƙasa a irin wannan yanki sai ya yi hattara. Kuma a Kano, maƙwabciyarmu, akwai makarantar koyon tuƙin jirgi ta sojin sama, inda ake horar da matuƙa da jirgin L-39.

Idan da damina ne kuma fadama ta cika, matuƙi yana iya sauka a ruwa. Don haka ne ake sa wa kujerar jakar guzuri da ke rataye a jikinsa bayan rabuwa. Akan sa magunguna a ciki, da na'urar da ke sanar da masu ceto inda yake, da ɗan kwalekwalen roba mai cika da iska idan aikin a kan ruwa ne.

Allah ya kiyaye, amma in hakan ta taɓa faruwa kusa da gonakinmu, ga abin da ya kamata mu sani, mu kuma gaya wa iyaye da ƙannenmu. Kada a taɓa kujerar ko tarkacen jirgin, domin ana iya samun nakiya ko harsashin da bai tashi ba. Ba kayan 'yan gwangwan ba ne. Kada a ɗaga matuƙin a sunkuce shi, ko a ɗora shi a babur, tunda wataƙila bayansa ya sami rauni, sai dai in ruwa ko wuta na neman cin sa. A yi masa inuwa, a sanar da mai gari da jami'an tsaro nan take.

Akwai kuma mutanen da ba a cika jin sunansu ba, wato ma'aikatan da ke kula da kujerar. Su ke naɗe laima, su canza nakiyoyin idan wa'adinsu ya cika, su tabbatar an sa ƙusoshin kariya idan jirgi yana ajiye, an kuma cire su kafin ya tashi. Kujera tana iya shekara da shekaru ba a ja mariƙinta ba, amma ranar da aka ja shi ba ta da damar gwaji na biyu. Masu sha'awar wannan aiki a cikinmu, ko tuƙi ko gyara, su riƙe Lissafi da Fiziks da kyau tun yanzu.

Tambayar mako: idan nauyin matuƙi kilo 65 ne, kuma ya ninku sau 14, kilo nawa zai ji a jikinsa? Buhu nawa ke nan na kilo 50? A rubuta amsa da suna da aji, a miƙa wa sakataren ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu lika sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.