Idan Ciwon Ya Motsa, Yaya Za Ka Yi Sallah?

'Yan'uwa, akwai cututtuka irin su lufus, waɗanda garkuwar jiki ke juyowa tana yaƙar mai ita. Ciwon yakan lafa, sannan ya motsa. Da asuba gaɓɓai su sandare, ko buta ba ka iya ɗagawa.

Kar ka zargi imaninka. Imrana bin Husaini (RA) ya yi fama da basur, Annabi (SAW) ya sauƙaƙa masa ya yi sallah a zaune, in ta gagara, a kwance ta gefe. Ruwan sanyi na ƙara ciwon? Ɗumama shi. In duk da haka yana cutarwa, yi taimama.

Nishi ba ya ɓata haƙuri. Kuma kar ka bar magani don ka ji sauƙi, sai likita ya ce.

Allah Ya ba mu lafiya.